Sallama a Ƙofar Gida: Tarihin Wa'azin Gida-Gida

Da wuya a sami babban gari a wannan yanki na Afirka inda ba a taɓa ganin mutum biyu da jaka a rataye suna bin unguwa, suna sallama ƙofa bayan ƙofa, domin su yi wa masu gida maganar addini ba. Ana ganinsu a Maraɗi da Damagaram, ana ganinsu a zangon Kumasi, da Garwa, da Injamena. Waɗansu 'yan ikilisiyar unguwa ne, waɗansu Shaidun Jehobah ne, waɗansu kuma Musulmi ne 'yan Tablig masu kiran 'yan'uwansu zuwa masallaci. Aikin kuwa ba mai sauƙi ba ne. Akwai zafin rana, akwai kunyar tsayawa gaban wanda ba a sani ba, sa'an nan sau da yawa amsar da ake samu ita ce mai gida ba ya nan.

To, me ya sa har yanzu ake yinsa, alhali ga rediyo, ga talabijin, ga wayar hannu a aljihun kowa? Wanda ya bi tarihin wannan aiki daga zamanin manzanni zai ga abu guda yana ta maimaituwa. Duk lokacin da aka hana masu bi mumbari, ko kuwa mutane suka daina zuwa inda mumbarin yake, sai talakawan ikilisiya su ɗauki saƙon su kai shi ƙofar gida. Amma tarihin ya kuma nuna cewa ƙofa tana da mai ita, aikin kuma bai taɓa yin albarka ba sai inda aka kiyaye wannan.

Gida kafin majami'a

Bisharar Luka sura 10 ta ba da labarin yadda Yesu ya aiki almajirai saba'in, waɗansu tsofaffin rubuce-rubuce sun ce saba'in da biyu, su riga shi zuwa garuruwan da zai bi. Biyu-biyu ya aike su, ba guzuri, ba jakar kuɗi. Ya umarce su su fara da yi wa gida gaisuwar salama, su ci abin da aka ba su, in gari ya ƙi su kuma su kama hanya. Akwai wata ƙa'ida a cikin wannan umarni da ba a cika lura da ita ba: ya hana su yawon sauya masauki daga wannan gida zuwa wancan. Wato in gida ya karɓe su, su zauna nan har a san su, a san halinsu. A sura 9 kuma, sa'ad da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓarsa, Yakubu da Yahaya suka so a kira wuta daga sama ta cinye ƙauyen, amma ya tsauta musu, suka wuce wani ƙauye. Tun daga farko ke nan an haɗa aikin da ladabin baƙo, an kuma bar wa mai gida ikon cewa a'a.

Littafin Ayyukan Manzanni cike yake da gidaje. A gidan Karniliyas, jarumin sojan Roma, Bitrus ya yi wa'azi a Kaisariya. A Filibi akwai gidan Lidiya mai sayar da tufafin shunayya, da gidan yarin kurkuku. Bulus kuma, da yake ban kwana da dattawan Afisa a sura 20, ya tuna musu cewa ya koyar da su a fili da kuma cikin gidaje. Masana sun yi saɓani a kan wannan wuri. Waɗansu sun ce yana nufin bin ƙofofin waɗanda ba su ba da gaskiya ba, waɗansu kuwa sun ce yana nufin gidajen masu bi inda ake taruwa domin sujada. Ko wanne aka ɗauka, abu guda tabbatacce ne: masu bi na farko ba su da ginin majami'a nasu. Ɗakin sujada mafi tsufa da masu tonon ƙasa suka gano, a garin Dura-Yuropos a bakin Kogin Yufiretis cikin ƙasar Siriya, gidan zama ne da aka gyara wajen shekara ta 240. Kusan shekara 200 ke nan ikilisiya tana zaune a tsakar gidajen mutane. Masu tsananta mata ma sun san haka, gama Shawulu, kafin ya tuba ya zama Bulus, gida-gida ya riƙa shiga a Urushalima yana jan maza da mata zuwa kurkuku.

Su wane ne suka yi wannan aiki? Wani abokin gaban bangaskiya ne ya bar amsa mafi kyau. Wajen shekara ta 178 wani masanin falsafa mai suna Selsus ya rubuta littafi yana sukar Kirista, daga baya malami Orijen na Iskandariya ya ba shi amsa, ta haka ne maganganunsa suka tsira. Selsus ya yi gunaguni cewa masu aikin ulu, da dukawa, da masu wanki, mutanen da ba su isa su buɗe baki gaban iyayengijinsu ba, su ne ke jan mata da yara gefe a cikin gidaje suna koya musu sabon addini. Da raini ya faɗi haka, amma ya nuna inda ƙarfin ikilisiya yake a wancan zamani.

Da aka rufe mumbari

Bayan shekara ta 313, sa'ad da Sarki Konstantin ya ba Kirista 'yancin sujada, al'amura suka sake. Aka gina manyan majami'u, kowane gari ya sami firist ɗinsa, sannu a hankali kuma wa'azi ya zama aikin waɗanda aka naɗa kaɗai. A Turai ta tsakiyar zamani ana haifar mutum a cikin ikilisiya, a binne shi a cikinta, saboda haka ba a ga dalilin bin gidaje ba.

Wajen 1173 wani attajiri na birnin Liyon a Faransa, wanda aka fi sani da Bitrus Waldo, ya biya malamai suka juya masa Bisharu daga Latin zuwa harshen mutanen garinsa. Da ya karanta, sai ya rabar da dukiyarsa, ya fara wa'azi a tituna, maza da mata suka bi shi. A 1179 mutanensa suka je Roma neman izini. Paparoma Alekzanda na Uku ya yaba da talaucin da suka zaɓa, amma ya ce kada su yi wa'azi sai da yardar shugabannin ikilisiya na yankinsu. Ba su sami yardar ba, ba su kuwa yi shiru ba, sai aka fitar da su daga ikilisiya a 1184.

Tun da fili ya gagare su, suka koma gidaje. A ƙarnonin da suka biyo baya masu wa'azinsu suka riƙa tafiya biyu-biyu, babba da ƙarami, cikin kwazazzaban duwatsun Alf da ƙauyukan Italiya da Jamus, sau da yawa da shigar fatake ko 'yan koli. Mutanensu suna kiransu barba, wato kawu, domin kada baƙon kunne ya gane. Wani rubutu na ƙarni na 13 daga hannun masu tuhumarsu ya bayyana dabarar: ɗan koli ya shiga gida ya baje zobba da mayafai, in an gama ciniki aka tambaye shi ko akwai sauran kaya, sai ya ce yana da abin da ya fi waɗannan daraja, in za a rufa masa asiri. Daga nan sai ya fara karanto nassi da ka. An ƙone da yawa daga cikinsu, amma ikilisiyarsu tana nan a Italiya har wa yau.

'Yan kolin Littafi

A ƙarni na 19 matsalar ta zo da wata kama. Ba a hana wa'azi a Birtaniya ba, amma masana'antu sun kwaso dubban mutane daga ƙauyuka zuwa lungunan birane, inda talaka marar tufafin kirki yake jin kunyar shiga majami'a, a wurare da yawa ma sai an biya kuɗin hayar benci. David Nasmith ya kafa mishan na birnin Gilasgo a 1826, da na birnin Landan a 1835. Tsarinsa shi ne a ba kowane ma'aikaci unguwa guda, ya riƙa ziyartar gidajenta a kai a kai har ya zama ɗan gari.

Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya da Ƙasashen Waje, wadda aka kafa a 1804, ta ɗauki masu tallar littattafai da yawa a ƙasashe dabam-dabam. Sunan da aka ba su a Faransanci shi ne sunan ɗan koli mai yawo da kaya a wuya. A 1857 wata mata mai suna Ellen Ranyard ta lura cewa matan talakawa na unguwar Sen Jails a Landan ba sa sakin jiki da masu hali in sun kawo musu ziyara. Sai ta ɗauki wata matar unguwar, Marian Bowers, ta riƙa biyanta albashi domin ta bi gidaje tana sayar da Littafi Mai Tsarki da biyan kwabo-kwabo kowane mako. Hikimar tana cikin wannan biya kaɗan-kaɗan, gama ya sa dole Marian ta koma gida ɗaya mako bayan mako. A nan take ganin yaron da ba shi da lafiya, da matar da ba ta da bargo. Cikin shekara goma matan da ke wannan aiki a Landan sun wuce 200, a 1868 kuma aka fara horar da waɗansu su zama masu jinya. An ɗauki tsarin zuwa Indiya da Sin, inda ya yi amfani ƙwarai a gidajen da namiji baƙo ba ya shiga.

Labarin Koriya ya fi kowanne nuna abin da ɗan talla guda zai iya yi. A lokacin da ƙasar take rufe ga 'yan mishan, wani ɗan kasuwa mai sayar da saiwar magani, Seo Sang-ryun, ya yi rashin lafiya a Mancuriya, 'yan mishan na Sikotilan suka yi jinyarsa, ya ba da gaskiya. Ya taimaki John Ross juya Bisharar Luka zuwa harshen Koriya, aka buga ta a 1882. Sa'an nan ya ɗauki littattafan ya ƙetare iyaka da su, ko da yake doka ta hana. Shi da ƙanensa suka tara masu bi a ƙauyen Sorae. Da 'yan mishan Horace Underwood da Henry Appenzeller suka sauka Koriya ranar Ista ta 1885, akwai riga ikilisiya a ƙasar wadda ba Bature ne ya kafa ta ba.

Shari'ar ƙofa

A yau in aka ce wa'azin gida-gida, yawancin mutane Shaidun Jehobah suke tunawa. Koyarwarsu ta bambanta da ta sauran ikilisiyoyi a kan manyan al'amura, musamman Triniti da allahntakar Almasihu, amma tarihin wannan aiki ba zai cika ba in an tsallake su. A 1881 Charles Taze Russell ya yi kira a mujallarsa, wadda ake bugawa da Hausa da sunan Hasumiyar Tsaro, yana neman masu wa'azi 1,000 da za su bi gidaje da littattafai. Magajinsa Joseph Rutherford, tun daga babban taronsu na 1922 a jihar Ohayo, ya mai da aikin wajibi a kan kowane memba. Dalilinsu shi ne sun gaskata ƙarshen wannan zamani ya kusa, wanda ya san haɗari yana zuwa kuma bai gargaɗi maƙwabcinsa ba, alhakin jini yana wuyansa. William Brown, mutumin tsibiran Karibiyan wanda aka yi wa laƙabi da Baibul Brown, ya kawo aikinsu Saliyo a 1923, daga baya ya zauna a Legas.

Nacinsu ya jawo musu ƙiyayya, garuruwa da yawa a Amurka suka kafa dokokin hana su. A 1938 aka kama Newton Cantwell da 'ya'yansa biyu a birnin New Haven. Sun shiga unguwar da yawancin mazaunanta 'yan Katolika ne, suna kunna wa mutane faifan garmaho mai zagin ikilisiyar Katolika. A 1940 Kotun Ƙoli ta Amurka ta sake su, ta ce ba daidai ba ne jami'in gwamnati ya zama mai tantance wane addini ne ya cancanci izini. Shari'a ta ba su gaskiya, amma ba wanda zai ce sun nuna ladabin baƙo.

Hukuncin da ya fi dacewa da wannan magana shi ne na 1943. Garin Struthers a Ohayo gari ne na ma'aikatan ƙarfe, da yawansu suna aikin dare su yi barci da rana, saboda haka hukumar garin ta hana a buga wa mutane ƙararrawar ƙofa domin ba su takarda. Dalili ne mai kyau, duk da haka kotu ta soke dokar. Ta ce mai gida ne yake da ikon yanke shawara ko zai karɓi baƙo ko ba zai karɓa ba, hukuma ba za ta yanke masa ba. In ya sa alama cewa ba ya so, doka za ta hukunta wanda ya keta. A 2002 kotun ta sake tabbatar da wannan a shari'ar ƙauyen Stratton, alƙalai 8 suka goyi baya, 1 ya ƙi. Waɗannan hukunce-hukunce sun amfani dukan addinai a ƙasar, har da 'yan siyasa masu bin gidaje neman ƙuri'a.

A wannan yanki ma gwamnatoci sun taɓa sa hannu. Kamaru ta haramta Shaidun Jehobah daga 1970 zuwa 1993. Gwamnatin Gana ta dakatar da ayyukansu tare da na 'yan ɗarikar Mormon a watan Yuni 1989, ta ɗage wa Mormon a ƙarshen 1990, Shaidu kuma a 1991. Abin da ya tsayar da aikin a dukan duniya lokaci guda shi ne annobar korona. Shaidun sun daina bin gidaje a watan Maris 2020, suka koma rubuta wasiƙu da buga waya, amma ranar 1 ga Satumba 2022 suka koma ƙofa. Daga Nuwamba 2023 kuma aka daina neman membobi na kullum su ba da lissafin awoyin da suka yi.

Ba Kirista kaɗai ba

Mai karatu da yake zaune cikin Musulmi ya san cewa su ma suna da masu irin wannan aiki. Wajen 1926 Maulana Muhammad Ilyas ya fara ƙungiyar Tablig a yankin Mewat, kudu da birnin Delhi a Indiya. Ya ga makarantun da ya gina ba su kai ga manoma ba, domin manoma ba sa zuwa makaranta. Sai ya riƙa tura su da kansu, ƙungiya-ƙungiya ta wajen mutum goma, su kwana a masallacin wani gari da guzurinsu, su zaga gidaje suna gayyatar Musulmi zuwa salla. An tsara fita ta kwana 3, da ta kwana 40, da ta wata 4. Ilyas ya koyar cewa wanda ya fita shi ne farkon mai cin ribar fitar, gama wanda yake kiran waɗansu zuwa salla ba zai so a same shi yana wasa da ita ba. Addinin dabam ne, amma matsalar da maganin sun yi kama da na Nasmith da Ranyard.

Sabon Rai Don Kowa

A ƙasar Hausa hanyar ba ta buɗe da wuri ba. A Sakkwato a 1903 Gwamna Lugga ya yi alkawari cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba, bisa ga wannan kuma aka taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakuna har shekaru da yawa. Likita Walter Miller ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, daga baya aka mai da mishan ɗin Wusasa. A Nijar, ƙarƙashin Faransa, mishan na SIM ya fara a Damagaram a 1924, sa'an nan Tsibiri kusa da Maraɗi, aka kuma buɗe asibitin Galmi a 1950. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Turawan mishan kaɗan ne, idon gwamnati kuma yana kansu, saboda haka yawancin zance a zaure da gindin bishiya masu bishara 'yan ƙasa ne suka yi shi. Cikin gida kuwa, inda namiji baƙo ba ya wucewa, aikin ya zama na mata, wato matan masu bishara da 'yan Zumuntar Mata masu zuwa barka da gaisuwar rashin lafiya da ta'aziyya.

Babban yunƙuri ya zo ne ta wata doguwar hanya. Kenneth Strachan, shugaban wani mishan a Amurka ta Tsakiya, ya shekara da shekaru yana shirya manyan tarurrukan wa'azi, amma ya ga ikilisiyoyi ba sa ƙaruwa yadda ya kamata. Sai ya yi nazarin ƙungiyoyi uku masu saurin girma a yankin: 'yan Kwaminis, da Shaidun Jehobah, da 'yan Fentikos. Ba su yarda da juna a kan kome ba, amma ya ga abu guda ya haɗa su, wato kowane memba ma'aikaci ne. Ya gwada tsarin a Nikaraguwa a 1960, ya sa kowane mai bi ya shiga ƙungiyar addu'a, ya sami horo, ya fita ziyarar gidaje.

Labarin ya kai Nijeriya. A 1963 Gerald Swank na SIM, wanda yake koyarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro, da Wilfred Bellamy na SUM, tare da shugabannin ikilisiyoyi 'yan ƙasa, suka kafa Sabon Rai Don Kowa, da cibiya a Jos. Aka fara aiki a 1964 a lardunan Zariya da Filato. Ikilisiyoyin da ba su saba aiki tare ba suka haɗa hannu. Aka kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, aka koyar da manoma da 'yan kasuwa da matan aure daga ɗan littafi guda, sa'an nan aka tura su biyu-biyu. Daga nan tsarin ya bazu zuwa sauran larduna da waɗansu ƙasashen Afirka, mawaƙan Sabon Rai kuma suka zama sanannu a duk inda ake sujada da Hausa.

Abin da lissafi ya nuna

Shin aikin yana kawo mutane? A 1980 masana zaman jama'a biyu a Amurka, Rodney Stark da William Bainbridge, suka buga lissafin da wani shugaban mishan na 'yan Mormon ya ajiye. In 'yan mishan suka ƙwanƙwasa ƙofar wanda ba su sani ba, cikin ƙofa 1,000 mutum ɗaya ne kawai yake shiga ɗarikar. In kuwa suka sadu da mutum a gidan abokinsa ko ɗan'uwansa wanda ya riga ya shiga, rabin irin waɗannan sukan shiga. Lissafin na yanki guda ne a Amurka, amma ya yi daidai da abin da tarihi ya nuna. Seo Sang-ryun ga danginsa ya koma. Marian Bowers 'yar unguwa ce, tana kuma komawa kowane mako. Almajiran da aka aika biyu-biyu an ce su zauna a gida ɗaya. Hausawa sun riga sun faɗa, zumunta a ƙafa take.

In haka ne, me ya sa masu bi ba su bar ƙofar baƙo ba? Dalili na fari shi ne biyayya. Kirista suna karanta umarnin da ke ƙarshen Bisharar Matiyu, na a almajirtar da dukan al'ummai, suna ganin ya hau kan kowane mai bi, ko an karɓa ko ba a karɓa ba. Na biyu, wanda ya tabbata ya sami abin da ya ceci ransa yana ganin ɓoye shi rowa ce. Na uku, akwai mutanen da ba wata hanyar da za ta kai gare su: tsohuwar da ƙafa ta gaza, da baƙon da ya zo ci-rani bai san kowa ba, da mai tambaya a zuci wanda ba zai yarda a gan shi a bakin majami'a ba. Rediyo yana magana, amma ba ya jin tambaya. Na huɗu shi ne abin da Ilyas da Strachan suka gano kowa a nasa wuri: aikin yana gina mai yinsa. Wanda aka yi wa tambayar da ya kasa amsawa a zauren wani, zai koma gida ya buɗe littafinsa.

Tarihin ya kuma nuna inda ake ɓata aikin. Ana ɓata shi in an mai da mutane lissafi domin rahoto, in an shiga unguwa da zagin abin da mutanenta suke girmamawa kamar yadda aka yi a New Haven, in an ja yaro gefe ba da sanin iyayensa ba, ko aka yi amfani da yunwar mutum domin a sa shi ya amsa abin da zuciyarsa ba ta amsa ba. A ƙasashen da Kirista da Musulmi suke shan ruwan rijiya ɗaya, irin wannan kuskure ba ya tsayawa a kan mai yinsa. Rikicin Kano na Oktoba 1991, da ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a Janairu 2015, kowanne da nasa musabbabi, amma sun nuna yadda wutar addini take saurin kamawa, da kuma cewa talakawan unguwa ne suke biyan kuɗinta.

Al'adar Hausa ta riga ta tanadi ƙa'idar da alƙalan Amurka suka kai gare ta a 1943. Baƙo yakan tsaya a waje ya yi sallama. In an amsa, ya shiga zaure, ya gaisa, ya tambayi iyali da gajiya kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. In ba a amsa ba har sau uku, ya juya ba tare da fushi ba. Mai bishara da ya riƙe wannan, wanda aka sallame shi yau amma ya dawo gobe domin gaisuwar mutuwa ko taya gyaran katangar da ruwa ya rushe, yana cikin sawun waɗanda aka aika biyu-biyu a ƙasar Yahudiya. Nasa shi ne ya zo, ya faɗi gaskiyar abin da ya gaskata, ya saurari amsa. Buɗe ƙofa da rufe ta kuwa na mai gida ne.